Wa Ɗan Majalisa Yake Wakilta Idan Mazaɓarsa Ta Watse?

Tun ƙarshen shekarar 2021 kawuna yake zaune tare da mu a cikin birnin Sakkwato, bayan da shi da sauran mutanen ƙauyensu da ke gabashin jihar suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka bar gidaje da gonaki saboda hare-haren 'yan bindiga. Cikin 'yan kayan da ya tsira da su akwai wata tsohuwar jakar fata da yake adana takardunsa, kuma a cikinta katin zaɓensa yake. A jajibirin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, bayan mun idar da sallar isha'i muna zaune a zaure, sai ya zaro katin ya miƙo mini, ya ce, “Ɗana, duba min wanga kati. Sunan garinmu na bisa nai, amma garin babu kowa ciki. To, in anka wayi gari, ina za ni in jefa?” Na ce, “Kawu, a yi haƙuri zuwa safe mu ji inda aka mayar da rumfarku.” Da safe muka sami labarin cewa an tattara rumfunan yankinsu an kai hedikwatar ƙaramar hukuma, alhali hanyar da za ta kai mutum can ita ce hanyar da ake tare matafiya a kanta. Bai je ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa a gidan.

Duk da haka, a ƙarshe an sanar da wanda ya lashe kujerar mazaɓarsu, aka rantsar da shi, kuma a takarda shi ne wakilin kawuna a Abuja. Ba na cewa abin da ke faruwa a gabashin Sakkwato yaƙin basasa ne, domin 'yan bindigar ba su ayyana wata gwamnati ba, ba su kuma neman karɓar mulkin ƙasa. Sai dai tambayar da dattijon nan ya yi mini ita ce tambayar da ƙasashen da suka faɗa cikin yaƙin basasa na sosai suka fuskanta a mafi munin kamanninta, kuma tun daga daren nan nake bibiyar yadda kowacce ta yi da ita.

Abin da na fara lura da shi shi ne, masu muhawara a kan zaɓe a lokacin yaƙi sukan yi wa zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa kuɗin goro, alhali ba ɗaya suke ba. Mazaɓar shugaban ƙasa ita ce ƙasar baki ɗaya, saboda haka ƙuri'ar mutumin Isa, ko a Isa aka jefa ta ko a Kano, cikin jimla ɗaya za ta shiga, in ban da sharaɗin nan namu na samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Kujerar ɗan majalisa kuwa a kan wani yanki na ƙasa aka kafa ta. An shata iyaka, an ce mutanen da ke zaune daga nan zuwa nan su fitar da mutum ɗaya wanda ya san rijiyoyinsu da kasuwanninsu da hanyoyinsu ya je ya yi magana da yawunsu. Yaƙi kuma aikinsa na farko shi ne raba mutane da wurin zamansu. Idan ya daɗe, sai a wayi gari iyakar mazaɓa tana nan a taswira, sunanta yana nan a jikin kujera a zauren majalisa, amma mutanenta sun warwatsu a sansanoni da gidajen dangi da ƙasashen maƙwabta.

Babu ƙasar da ta nuna wannan ƙarara kamar Siriya, wadda ta gudanar da zaɓen majalisar dokoki har sau huɗu a cikin yaƙin da ya samo asali daga zanga-zangar garin Dar'a a watan Maris na 2011. An yi a Mayun 2012, aka sake a Afrilun 2016, sannan a Yulin 2020 da Yulin 2024. A lokacin, majalisar tana da kujeru 250 da ake rabawa a mazaɓu 15, wato kowane ɗaya daga larduna 14 mazaɓa ce guda, in ban da Halab da aka kasa gida biyu, kuma doka ta keɓe aƙalla rabin kujerun ga ma'aikata da manoma. Kafin zaɓen 2012 gwamnatin Bashar al-Assad ta kawo sabon tsarin mulki wanda ya cire ayar da ta ba jam'iyyar Ba'ath jagorancin ƙasa da al'umma, aka ce daga yanzu an buɗe ƙofa ga jam'iyyu da yawa. Manyan 'yan adawa suka ƙaurace, Ba'ath da ƙawayenta suka kwashe rinjaye kamar yadda suka saba tun shekarun 1970, gwamnati ta ce kashi 51 cikin ɗari na masu zaɓe sun fito, aka ci gaba da luguden wuta.

Zaɓen 13 ga Afrilun 2016 shi ya fi ba ni abin tunani. A lokacin birnin Raƙƙa yana hannun ƙungiyar ISIS, lardin Idlib kuma yana hannun 'yan tawaye, saboda haka babu akwatin da ya isa garuruwan da ke hannunsu. Amma ba a bar kujerun lardunan a wofi ba. An buɗe rumfuna a garuruwan da gwamnati ke iko da su domin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa can su zaɓi wakilan lardunansu na asali. Da farko mutum zai ce ai wannan adalci ne, kuma shi ne abin da ni kaina nake nema wa kawuna. Sai dai a Siriya inda mutum ya gudu yakan nuna wanda yake tsoro. Wanda ya nufi Dimashƙu ko Lazikiyya ya shiga ƙarƙashin idon jami'an tsaron gwamnati, da yawa kuma ma'aikata ne masu karɓar albashinta. Wanda ya gudu daga gwamnatin ya tsallaka Turkiyya ko Labanon ko Jodan, kuma irinsu sun kusa miliyan biyar a lokacin, ba shi da ƙuri'a a zaɓen majalisa ko kaɗan. Ke nan yaƙin da kansa ya riga ya tace masu zaɓe tun kafin a buɗe rumfa. Aka sami ɗan majalisa mai wakiltar Raƙƙa wanda ba zai iya taka birnin Raƙƙa ba, wanda kuma mutanen da suka rage a can ba su san an zaɓe shi ba. Da aka ce kashi 57 cikin ɗari sun fito, tambayar da ta dace ita ce, kashi 57 na su wa, tunda babu wanda ya ƙidaya waɗanda suka rage a ƙasar balle waɗanda suka fice.

Ranar da aka tsayar ma tana da magana a bakinta. A Disambar 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2254, wanda ya nemi a kafa hukumar riƙon ƙwarya, a rubuta sabon tsarin mulki, sannan a yi zaɓe ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya cikin wata 18, har da 'yan ƙasar da ke waje. Zaɓen na Afrilu ya faɗo daidai ranar da aka koma teburin sulhu a Janiba, har tawagar gwamnati ta jinkirta zuwanta sai bayan an kaɗa ƙuri'a. Saƙon a fili yake: hukumomin ƙasa suna aiki, wa'adi ya cika an yi zaɓe, don haka babu gurbin da wata gwamnatin riƙo za ta cike. A nan zaɓe ya zama ɗaya daga cikin makaman yaƙin. A 2020 adadin da gwamnatin da kanta ta bayar ya faɗo zuwa kashi 33 cikin ɗari. Majalisar da aka zaɓa ranar 15 ga Yulin 2024 kuwa ba ta cika wata biyar ba Assad ya tsere zuwa Mosko ranar 8 ga Disamba, aka rusa ta a farkon 2025. Sababbin mahukunta da suka tashi kafa tasu majalisar a Oktoban 2025 ba su ma yi zaɓen kai tsaye ba. Wasu 'yan dubban wakilai ne suka zaɓi kashi biyu cikin uku na kujeru 210, aka bar wa shugaba Ahmed al-Shara naɗa sauran, bisa hujjar cewa miliyoyin mutane sun bar gidajensu kuma da yawa ba su da takardun shaida, sannan aka ɗage zaɓen a Suwaida da mafi yawan Raƙƙa da Hasaka. Mutum yana iya ƙin yarda da tsarin, amma hujjar tasu ita ce dai matsalar katin kawuna.

Masu goyon bayan a yi zaɓe ko ana ruwan harsashi sukan kafa hujja da Amurka, kuma hujjar tana da ƙarfi. A cikin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 an yi zaɓen majalisa a 1862, aka yi na shugaban ƙasa da majalisa a Nuwambar 1864, har jihohi da dama suka ba sojojinsu damar jefa ƙuri'a daga fagen daga. Shugaba Abraham Lincoln ya bayyana bayan zaɓen cewa da tawaye ya tilasta musu fasa zaɓe ko ɗage shi, da 'yan tawayen suna da ikon cewa sun riga sun yi nasara. Amma akwai abubuwa biyu da masu kawo wannan misali kan tsallake. Jam'iyyar Lincoln ta yi asarar kujeru masu yawa a 1862, shi kansa kuma har zuwa Agustan 1864 yana ganin faɗuwa zai yi, sai kame birnin Atlanta a farkon Satumba ya juya masa al'amura, wato mai riƙe da mulki yana iya shan kaye kuma kowa ya san haka. Sannan jihohi 11 da suka ɓalle, galibin kujerunsu a wofi suka zauna har yaƙi ya ƙare, ba a tara 'yan gudun hijirarsu a Washinton an ce ga wakilan Jojiya ko Alabama ba.

Labanon ta bi ɗaya hanyar, kuma labarinta ya fi rikitarwa fiye da yadda ake zato. Majalisar da aka zaɓa a 1972 mai kujeru 99 ita ce ta riƙa tsawaita wa kanta wa'adi tun daga ɓarkewar yaƙi a 1975 har aka shekara ashirin ba a sake zaɓe ba. Wannan tazarce ne wanda a wurinmu da an kira shi da mugun suna, kuma ya cancanci sunan ta wani ɓangaren, domin yaron da aka haifa a shekarar zaɓen ya yi gemu bai taɓa ganin akwatin ƙuri'a ba, 'yan majalisar suna tsufa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfi na gaske kuma yana hannun shugabannin mayaƙa da sojojin Siriya da na Isra'ila. Amma wannan tsohuwar majalisa ita kaɗai ce hukumar da dukan ɓangarori suka yarda cewa an kafa ta kafin a fara zubar da jini, saboda haka babu mai cewa bindigar wane ce ta ɗora ta. Ita ta riƙa zaɓen shugabannin ƙasa a tsakiyar yaƙi, biyu daga cikinsu, Bashir Jumayyil a 1982 da Rene Mu'awwad a 1989, aka kashe su 'yan makonni bayan zaɓensu. Kuma da lokacin sulhu ya yi, 'yan majalisa 62 daga cikin waɗanda suka rage a raye su ne suka taru a birnin Ɗa'if na Saudiyya a 1989 suka amince da yarjejeniyar da ta raba kujeru daidai wa daida tsakanin Musulmi da Kirista, a maimakon tsohon rabon da ke ba Kirista shida, Musulmi biyar. Da an yi zaɓe a 1980 ko 1984, da kowane shugaban mayaƙa ya cika kujerun yankinsa da yaransa, kuma da wuya a sami waɗanda za su zauna a Ɗa'if da sunan ƙasa ɗaya.

Mu Sakkwatawa wannan tsaka mai wuya ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Bayan da sojojin Ingila suka ci birnin nan a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, waɗanda suka zauna kuma, da Waziri Buhari a gaba, suka fitar da wani Sarkin Musulmi cikin 'yan kwanaki alhali bindigar Nasara tana kansu kuma mai kujerar yana raye. Har yau masana suna tattauna matsayin kowane ɓangare, tsakanin masu ganin cewa zaɓin da aka yi ƙarƙashin takobi ba zaɓi ba ne, da masu ganin cewa barin jama'a babu shugaba ya fi muni.

Akwai kuma inda zaɓen da kansa ya zama makamashin wuta. A Angola an yi zaɓe a Satumbar 1992 kafin a gama kwance ɗamarar mayaƙa, jam'iyyar MPLA mai mulki ta sami kujeru 129 cikin 220, jagoran 'yan tawaye Jonas Savimbi ya ƙi amincewa, aka koma daji, yaƙin kuma bai ƙare gaba ɗaya ba sai da aka kashe shi a 2002. A Saliyo 'yan tawayen RUF sun riƙa datse hannayen talakawa a lokacin zaɓen 1996 don su tsoratar da masu niyyar dangwala yatsa. A Libiya zaɓen Yunin 2014, wanda kashi 18 cikin ɗari kawai suka fito, shi ya haifar da majalisa biyu, ɗaya a Tobruk ɗaya a Tarabulus. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Mali. Wa'adin majalisarta ya ƙare a ƙarshen 2018, aka tsawaita shi sau biyu, sannan aka yi zaɓe a Maris da Afrilun 2020 alhali arewa da tsakiyar ƙasar suna cikin yaƙi. Kwana huɗu kafin zagayen farko aka sace jagoran adawa Sumaila Sise yana yawon neman ƙuri'a a yankin Niyafunke, ya ci kujerarsa yana hannun masu garkuwa, ya kuma shafe fiye da wata shida kafin a sako shi. Da kotun tsarin mulki ta sauya sakamakon kujeru kusan 30 ta hanyar da ta amfani jam'iyya mai mulki, sai jama'a suka cika titunan Bamako, kuma ranar 18 ga Agusta sojoji suka kifar da shugaba Ibrahim Bubakar Keita. Mu ma a nan rikicin zaɓen tarayya na Disambar 1964 da na Jihar Yamma na 1965 suna cikin abubuwan da suka share wa juyin mulkin Janairun 1966 hanya, wanda ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma ko da yaƙin basasarmu ya zo a 1967 babu majalisar da za a yi gardamar zaɓenta, ba a sake samun wata ba sai 1979.

Tsakanin cike kujera da ƙarya da fasa zaɓe ɗungurungum akwai hanyar barin kujera a wofi a faɗa wa duniya dalili. Yukren ta yi haka a Oktoban 2014, inda ta bar kujeru 27 cikin 450 babu kowa saboda Kirimiya da sassan Donbas ba sa hannunta. Habasha ma ba ta yi zaɓe a Tigrai ba a Yunin 2021, sai dai a can jam'iyyar firaminista Abiy Ahmed ta kwashe kujeru 410 cikin 436 da aka yi takara a kansu, yankin da ake yaƙi a cikinsa kuma ya rasa ko da murya ɗaya a majalisar da ke amincewa da kuɗin yaƙin. Na daɗe ina ganin kujerar wofi ta fi gaskiya, domin aƙalla tana tuna wa sauran 'yan majalisa kullum cewa akwai wani yanki na ƙasarsu da ya kuɓuce. Abin da ya sa na sassauta wannan ra'ayi shi ne abin da na gani a gida. A 2021, lokacin da mutane da yawa suke tsoron buɗe baki, wani ɗan majalisar jiha mai wakiltar Sabon Birni yana cikin waɗanda suka riƙa fitowa a rediyo suna faɗin cewa 'yan bindiga suna ɗora wa ƙauyuka haraji har suna naɗa nasu masu gari. Da kujerarsa a wofi take, da an rasa wannan bakin.

Dokokinmu sun taɓo al'amarin, amma ba su kai ƙarshensa ba. Sashe na 64 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya damar tsawaita wa'adinta idan ƙasa tana cikin yaƙin da ya shafi yankinta kuma shugaban ƙasa ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, da sharaɗin kada ƙarin ya wuce wata shida a lokaci guda. Ba a taɓa amfani da shi ba. Ko a 2015, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa irin su Gwoza da Bama, abin da aka yi shi ne ɗage zaɓe da mako shida, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, bayan da hukumomin tsaro suka shaida wa shugaban hukumar zaɓe Farfesa Attahiru Jega cewa ba za su iya ba da kariya ba. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka dabarar tazarce ce, ni ma ina cikinsu, amma an ƙwato Gwoza ana gobe zaɓe, aka buɗe rumfuna a sansanonin 'yan gudun hijira, mai mulki kuma ya sha kaye ya miƙa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora wa hukumar nauyin tabbatar da cewa, gwargwadon iko, waɗanda wani bala'i ya raba da gidajensu ba su rasa ƙuri'arsu ba. A tsarin da hukumar ta fitar gabanin zaɓen 2019 kuwa, wanda ya yi gudun hijira a cikin jiharsa yana iya yin dukan zaɓuɓɓuka, wanda ya tsallaka wata jiha kuma shugaban ƙasa kaɗai zai zaɓa. Dubban mutanen Isa da Sabon Birni da suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar ba su da ko wannan, tunda dokarmu ba ta san ƙuri'ar wanda ke wajen ƙasa ba. Sannan tsarin ya fi sauƙin aiki a inda akwai sansani mai rajista, alhali mafi yawan waɗanda na sani a gidajen dangi suke, ko a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba a gefen gari.

Akwai wata ɓaraka a lissafi wadda ban cika jin ana magana a kanta ba, kuma ita ta fi damuna. Idan aka soke zaɓe a wata rumfa saboda rikici, masu ƙuri'ar rumfar suna shiga lissafi, domin idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawansu ba, baturen zaɓe ba zai sanar da wanda ya ci ba, sai an je an ƙarasa. Wannan ƙa'ida ce ta sa aka bayyana zaɓen kujerun sanata uku da na wakilai 11 na jihar nan a matsayin waɗanda ba su kammala ba a Fabrairun 2023, har sai da aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu, ko da yake gaskiya akasarin wannan ɓarnar 'yan bangar siyasa ne suka yi ta, ba 'yan bindigar daji ba. Amma idan ba soke rumfar aka yi ba, ɗauke ta aka yi aka kai wani gari, to a ce mutum 600 ne a rajistarta, 20 suka iya zuwa, a takarda an yi zaɓe lafiya, sauran 580 kuma sun zama kamar waɗanda suka ga dama suka yi zamansu a gida. Mutumin da bindiga ta hana fita da wanda ƙyuya ta hana fita, layi ɗaya suke a fam ɗin sakamako. A jihar da aka taɓa raba gardamar kujerar gwamna da ƙuri'a 342 a 2019, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ƙauye goma da suka ɓace daga lissafi za su iya sauyawa a kujerar majalisa ba. Kuma duk ɗan siyasar da ya san cewa wani yanki ba nasa ba ne, ba shi da wani dalilin da zai matsa a kai wa mutanen yankin akwati.

Ga kuma yaƙin neman zaɓen kansa. Hanyar da aka ƙona matafiya a cikin mota a Disambar 2021 a yankin Sabon Birni, yankin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a 2024 har ya rasa ransa a hannun masu garkuwa, ba hanya ce da ɗan takara marar rakiyar jami'an tsaro zai bi ya je ya yi wa mutane bayani ba. Mai riƙe da muƙami yana da motocin rakiya, sabon ɗan takara mai ƙaramin ƙarfi ba shi da su, saboda haka rashin tsaro yana yi wa masu mulki aiki ko da ba su nema ba. Ɗan hidimar ƙasa da aka ba na'urar tantance masu zaɓe shi ma ɗan wani ne, kuma wakilan jam'iyyu da 'yan sa ido ba sa zuwa inda ba su da tabbacin dawowa, sakamakon da ya fito daga irin wannan wuri kuwa babu mai iya shaidarsa. A Satumbar 2021 an ma rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, kuma da zaɓe ya faɗo a irin wannan lokaci, da batun aika sakamako ta intanet daga rumfa bai taso ba.

Ra'ayina, bayan duk wannan, bai kai ga a fasa zaɓe ba, domin wanda zai yanke hukuncin fasawa shi ne mai cin ribar fasawar, kuma ba kowace majalisa ce za ta yi sa'ar ƙarewa a Ɗa'if ba. Abin da nake ganin ya wajaba shi ne akwati ya bi mutane inda suke, ƙuri'arsu kuma ta koma mazaɓarsu ta asali. Idan mutanen ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah suna cikin birnin Sakkwato, a buɗe musu rumfa a cikin birnin da rajistar ƙauyukansu, a sanar tun da sauran watanni ta rediyo da bakin hakimai da masu unguwanni, kada a bari sai daren zaɓe. Haɗarin da aka gani a Siriya, na cewa inda mutum ya gudu ya riga ya nuna ɓangarensa, bai shafe mu sosai ba, tunda mutanenmu daga maƙiyi ɗaya suka gudo kuma kowace jam'iyya tana da magoya baya a cikinsu. Bayan zaɓe kuma a wallafa adadin rumfunan da aka ɗauke daga mazauninsu a kowace mazaɓa, da yawan masu rajista a cikinsu, da yawan waɗanda suka samu jefawa, domin ɗan majalisar da ya hau kujera ya san da ƙuri'ar su wa ya hau, ya kuma san yawan waɗanda ake binsa bashinsu. Inda aka tabbatar cewa mafi yawan mutanen mazaɓa ba su sami hanya ba, a nan ne kawai zan yarda a dakatar da kujerar, da ranar ƙarasawa a rubuce.

Da aka sake buɗe rajistar masu zaɓe, na ce wa kawu, “Kawu, tunda zaman ya yi tsawo, me zai hana mu je a mayar da katinku unguwar nan, ku riƙa jefawa a makarantar da ke bayan gida?” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “In na maido shi nan, na sallama garinmu ke nan. Waɗanda munka baro kwance can hwa, wa za ya ce musu mun tashi? Bar shi yadda ya ke.” Ya mayar da katin cikin jakarsa. Sunansa yana nan a rajistar wata rumfa da ke gindin tsamiya a ƙofar makarantar firamaren ƙauyensu, inda rabon da a ga ɗalibi tun kafin ya taso, kuma ko zai jefa ƙuri'a a zaɓe mai zuwa ya dogara ne ga garin da za a kai akwatin da kuma halin da hanyar take ciki a wannan makon.